Masu ɗaukar hoto a kasuwa da kan hanya, yaya kuke yi ba a ji kanku ba?

Ɗan Garwa: Salamu alaikum. Lahadin da ta wuce na leƙa kasuwar Pitowa, nan kusa da mu a arewacin Kamaru. Na hangi wata dattijuwar Bafulatana mai nono, ƙorai uku a gabanta, an rufe su da faifai, hasken hantsi ya sauka a kan azurfar hannunta. Na riƙe waya daidai ƙugu kamar mai duba saƙo, na danna. Ashe ban kashe ƙarar kamara ba. Ƙyas! Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta yi ta faɗa da Fulatanci, mutane suka juyo. Na goge hoton a gabanta, amma wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ku da kuka daɗe a harkar nan, yaya kuke samun mutum a yadda yake ba tare da an ɓata ba?

Hajiyar Marwa: Ƙanena, kar ka ɗora wa ƙarar laifi. Da ba ta yi ƙara ba, da ka tafi da abin da ba a ba ka ba. Ni na zauna a rumfa shekara da shekaru, na san abin da ke zuwa ran mace in ta ga waya ta nufo ta: gobe surukai su gan ta a Facebook, ko wani ya rubuta abin da ya ga dama a ƙarƙashi. Ni ma ina ɗauka, amma sai na tsuguna na ce "Jam na?", na sayi nono ko na dala ashirin ne, mun taɓa hira. Sannan in nemi izinin hoto. In ta ƙi, sai in roƙi hannu da ƙwarya kawai. Hoton da na fi so a wayata ma babu fuska a ciki. A wurin majema na nan Marwa na ɗauka, hannun wani tsoho ya rine jawur yana matse fata.

Direban Kusiri: Malam, naka mai sauƙi ne, faɗan tsohuwa. Ni da yamma na tsaya kusa da gadar Ngeli da ta haɗa mu da Njamena, rana na faɗuwa, masunta na ja da kwale-kwale a kogin Logon. Ban ankara ba sai hannu a kafaɗata. Mai kaki ne. Ya bi hotunan wayata ɗaya bayan ɗaya, har na sunan 'yata, sai bayan isha na samu kaina. Kuma ban ga laifinsa ba. Tun hare-haren bam na 2015 a Njamena da Marwa, duk wanda aka gani yana ɗaukar hoto a ɓoye kallon ɗan leƙen asiri ake masa. Gada, bariki, filin jirgi, shingen bincike, fadar shugaban ƙasa: ko da wasa.

Ɗalibi a Gaundare: Hajiya, a yi min afuwa, amma da zarar ka nemi izini magana ta ƙare. Mutum ya miƙe ƙiƙam, ya gyara hula, ya ɗaure fuska kamar hoton katin ɗan ƙasa. To ina rai a ciki?

Tsohon mai hoto: Yaro, gaggawarka ce ta kashe hoton. Tun zamanin fim nake wannan sana'a, lokacin da naɗi guda hoto 36 ne, kowane dannawa kuɗi. Izini sau ɗaya ake nema, sauran aikin zama ne. Akwai majalisar masu dara a gindin wani dogon yaro a unguwarmu. Ranar farko na yi sallama, na ce ina so in ɗauke su, suka jeru kamar 'yan makaranta. Na ɗauka, na nuna musu, aka yi dariya. Ban tashi ba. Aka zuba shayi na farko, na biyu, kamara na kan cinyata. Kafin na uku gardama ta kaure kan wani ci, wani dattijo ya ɗaga ɗan dara sama, baki buɗe, hula ta karkace. Nan na danna. Sun san ina wurin, sun dai manta da ni ne. Bayan mako na wanko na kai masa. Har ya rasu hoton na manne a bangon shagonsa.

Abu ɗaya da ba na yi ko an biya ni: almajiri da kwanon bara, ko mata a bakin Binuwai suna wanki. Yaron bai san me ya yarda da shi ba, matan kuma ba su fito don a kalle su ba.

Ɗalibi a Gaundare: Na ji, Baba. Hawan Sallah a ƙofar fadar Lamiɗo fa?

Tsohon mai hoto: Wannan ai don a gani aka fito. Ɗauki dawakinka, ka dai kauce wa hanya in an zo jafi.

Direban Kusiri: Sai batun kuɗi. Na taɓa kai baƙi Rumsiki, wurin bokan nan mai duba da ƙaguwa. Can an saba da masu yawon buɗe ido, hoto da farashinsa. Ku yi ciniki kafin a danna, in ba haka ba jaka guda sai ta zama uku.

Ɗan Garwa: Na gode ƙwarai. Lahadi in Allah ya kai mu zan koma Pitowa in neme ta. Hajiya, yaya ake ba da haƙuri da Fulatanci?

Hajiyar Marwa: Ka ce "Useni, yaafam." Wayar ta kwana a aljihu, ka tafi da kwanon nono babba.