Chevrolet 1950: agogon matsin man inji yana faɗowa 5 idan inji ya yi zafi, kuma kwanon mai ya loɓe

Mai_3100:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san tsofaffin injuna. A-kori-kura ce gare ni, Chevrolet 3100 ƙirar 1950, mai silinda shida a jere, kuma a sanina injinta na asali ne, wato wanda ake kira 216. Idan na tayar da ita da sanyi allurar agogon mai kan kusanci 30, amma da zarar ta ɗau zafi, a kan hanya 14 ko 15 take tsayawa, in kuma tana silo sai ta faɗo wajen 5. Ba na jin bugu ko kaɗan. Kwanon mai na ƙasan injin ya loɓe a tsakiya, da alama an taɓa sa masa jak, kuma yana ɗiga ta gefen fakin. An ce mini in canja famfon mai in zuba mai mai kauri. Injin ya gama ke nan?

Tsohon_Makanike:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kwantar da hankalinka a kan allura, 15 a kan gudu lafiyar wannan injin ce, shi ya sa ma agogonsa a 30 ya ƙare. Ƙa'idar da ake yawan faɗa, cewa kowane juyi 1,000 na inji a minti yana son psi 10 (psi shi ne ma'aunin matsin mai da agogon ke nunawa), ta injunan da famfo ke tura mai har cikin karanshaf ce, wato babban sandan da ke juyawa a ƙasan inji. Naka ba haka aka ƙera shi ba. Famfonsa yana ciyar da manyan metal (shimfiɗar ƙarfe mai laushi da sanda ke juyawa a kanta) na karanshaf da na kamshaf da saman inji, amma kwanrod, wato hannuwan da ke haɗa fistin da karanshaf, daga kwano suke sha. A gindin kowane kwanrod akwai ɗan cokali, a cikin kwanon kuma akwai kwatamai shida da bututu shida. Idan inji yana silo cokalin kan ɗebo daga kwatami, idan gudu ya ƙaru bututun kan feso mai cokalin ya cafe shi a sama.

To ka ga loɓawar nan ita ce ta dame ni. Idan ƙarfen ya motsa, kwatami na iya tashi ko ya karkace, bakin bututu ya kauce daga saiti, kwanrod ɗaya ya zauna da ƙishi, kuma agogo ba zai nuna maka komai ba, domin ba nan yake aunawa ba. Sai dai ka ji bugu, a lokacin kuwa farin ƙarfen metal ɗin ya riga ya narke, kuma a wannan injin zuba shi aka yi a jikin kwanrod, ba irin wanda ake zarewa a sa sabo ba ne. Ka sauke kwanon kafin ka sake yin doguwar tafiya da ita.

Mai mai kauri zai ɗaga allura, ya faranta maka rai, amma injin da ke rayuwa da feshi yana son man da ke gudu da sauri, musamman da sanyi. Ni ban yarda da wannan shawarar ba.

Injin_Shida:
Abin da Baba ya faɗa daidai ne in har 216 ce. Amma Malam, ka fara tabbatarwa, don motoci da yawa irin taka an sa musu wani injin Chevrolet da ake kira 235 daga baya. Dubi murfin saman inji: noti biyu a tsakiya na tsohon ne, sukurori huɗu a gefe kuma na 1954 zuwa sama ne. In ta tabbata 235 ce wadda famfonta ke tura mai har kwanrod, to 15 a kan gudu matsala ce babba. Sannan ka ɗaura wani agogon gwaji a jikin injin ka kwatanta, agogon da ya haura shekara 70 yana iya yin ƙarya.

Mai_3100:
Na duba, noti biyu ne a sama. Baba, in na sauke kwanon me zan fara dubawa? Kuma ɗigar fa?

Tsohon_Makanike:
Fara da rariyar famfo. Idan loɓawar ta matse ta, ko daƙiƙin tsohon mai ya toshe ta, famfo ba zai sha yadda ya kamata ba, ka wanke ta fes har ka ga haske ta cikinta. Duba cokula shida, kada a samu wanda ya lanƙwashe ko aka ɗaura shi a juye, bakinsa dole ya fuskanci inda karanshaf ke juyawa. Bayan ka miƙe ƙasan kwanon, ka haɗa tiyon ruwa da bututun ka ga ko duka shida suna feshi ƙarfi ɗaya, tsayi ɗaya. Akwai ma'aunin saiti da aka yi musamman don wannan aikin, na zurfin kwatami da na inda feshin zai sauka, in ka samu aro kada ka yi da ido. Ka busar da kwanon sosai kafin ka mayar.

Ɗigar kuwa yawanci daga ɗaurin wuce kima take. Leɓen kwanon kan kumbura a kewayen ramukan noti, sai fakin ya kasa kwanciya. Ɗora shi a kan ƙarfe mai lebur ka daddaka a hankali da ƙaramar guduma har ya daidaita, ka sa sabon fakin, ka ɗan shafa gam a kusurwoyi huɗu inda guntayen ke haɗuwa, ka ɗaure daga tsakiya zuwa waje da hannu mai sauƙi. Tunda kwanon yana ƙasa, girgiza kowane kwanrod ka ji. In akwai mai wasa, akwai shim, wato siraran fallayen ƙarfe, a tsakanin murfin kwanrod ɗin da jikinsa da ake ragewa, ka auna ratar tukuna ka turo mana adadin da ka samu.