Masauki a Benis ga mai ƙaramin aljihu

Jiya a majalisarmu ta Samaru, ƙanin abokinmu da zai leƙa Benis ta Italiya ya nemi shawarar masauki. Yawancin waɗanda suka taɓa zuwa suka ce ya sauka a Mestre: a kan tudu take, ba cikin ruwa ba kamar tsibirin Benis ɗin, ɗaki ya fi araha, jirgin ƙasa cikin kamar minti 12 ya sauke ka a tashar Santa Lucia da ke cikin tsibirin. Wani dattijo ya ce in sai cikin tsibirin, to unguwar Cannaregio, kusa da tashar, don gadoji sun haura 400, yawancinsu masu matakala, ga babu mota. Shi a ka ya ɗauki akwatinsa, yana haki. Ni dai Mestre ta fi kwanta mini, amma ƙanin abokin namu ya duba lokacin jirgin ƙarshe na dare.