Gidanmu na tsagewa kusa da ramukan kuza, ina mafita?

Assalamu alaikum. Injiniyoyi da magina, don Allah ku taimaka da shawara.

Gidanmu yana ƙaramar hukumar Toro, gefen filin da aka daɗe ana haƙar kuza. Masu loto, wato masu haƙar kuza da hannu, sukan haƙa rami kamar rijiya, sannan su yi ta bin kuzar ta ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa ba mai iya ce maka ga inda ramin ya tsaya. Tun daminar bara bangon ɗakin Inna ya tsage a karkace, daga kusurwar taga har ƙasa, yatsa ma yana shiga. Ƙofar kuwa sai an sa kafaɗa take rufuwa. Mun cike tsagar da siminti, ruwan Agusta na sauka ta sake buɗewa.

Wani magini ya ce a riƙa tona gefen harsashin kaɗan-kaɗan ana zuba kankare da rodi. Ni dai hankalina bai kwanta ba. In ƙasan rami ne, kan me kankaren zai zauna? Akwai gwajin da ke gano rami ba sai an tona ba, kuma wa ke yin sa a Bauchi? Cike tsofaffin ramukan da marmara yana hana zaftarewa, ko asarar kuɗin tifa ce kawai?