Ku da kuka buɗe wa sana'arku shafin intanet a Abuja, me kuka gani?

Mai labule, Kasuwar Wuse:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara biyu ke nan da aka yi wa shagona shafin intanet, amma waɗanda suka ce ta can suka same ni ba su kai goma ba. Abin yana damuna ƙwarai. Kafin in sake zuba kuɗi, ina so in ji daga bakin waɗanda suka gwada.

Mai turaren wuta, Kubwa:
Wa alaikumus salam. Alhaji, yanzu na buɗe shafin naka a wayata, sai da na ƙirga har 20 kafin hoton farko ya fito. Irin matsalar da na sha ke nan. Wadda ta yi min nawa ta ɗora hotunan kwalabe yadda suka fito daga kyamara, kowanne ya kai megabait 4 ko 5. A babbar kwamfutarta gwanin sha'awa. To amma masu sayen kayana mata ne a gida, da waya a hannu da 'yar datar kwana ɗaya. Wata ta kira ni ranta a ɓace, ta ce datarta ta ƙare ba ta ga ko kwalba ɗaya ba. Muka rage kowane hoto ya dawo ƙasa da kilobait 200, muka cire bidiyon da ke tashi da kansa. Yanzu duk abin da aka gyara, sai na gwada shi a tsohuwar wayar 'yata kafin in amince.

Mai kilishi, Area 1:
Gaskiyarki Hajiya. Ni farashi ne ya gyara min lamari. Da ina ɓoye shi don kada maƙwabta su gani, ashe mai saye idan bai ga kuɗi ba wucewa yake yi. Na rubuta farashin kowane ƙunshi, da kuɗin ɗan aike zuwa Gwarinpa, Lugbe da Nyanya, da na saka kaya a mota a tashar Jabi. Ƙasan kowane hoto akwai maɓallin WhatsApp, domin mutanenmu sai sun ji muryar mai kaya hankalinsu ke kwanciya. Lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 na haɗa shafin da Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, har yau da shi nake karɓar kuɗi.

Mai gyaran waya, Banex:
Alhaji, tambaya ɗaya: da sunan wa aka yi rajistar adireshin shafin? Ni nan na ji jiki. Yaron da ya yi min aiki ya yi rajista da imel ɗinsa, shekara ta zagayo ba a sabunta ba, shi kuma ya canza lamba. Na wayi gari shafi babu, ga katin shago 500 da na buga da adireshin. Adireshi haya ce, duk shekara ake biya. Mai ƙarewa da .ng ko .com.ng yana ƙarƙashin NiRA, ƙungiyar da ke kula da adiresoshin intanet na Najeriya, kuma da naira ake biya ta hannun kamfanonin da ta amince da su. Ka tabbata imel da kalmar sirri suna hannunka. Sannan ka sa a saka maka takardar tsaro, wadda ke sa adireshi ya fara da https. Tun 2018 Chrome, manhajar buɗe shafukan intanet, ke yi wa shafin da ba shi da ita alamar rashin tsaro, kuma ba wanda zai sa lambar katin bankinsa a irin wannan wuri.

Mai ɗinki, Gwarinpa:
Ni abin da ya kawo min mutane shi ne sa shagon a Google Maps, kyauta ne, tare da hoton ƙofar shago da lokacin buɗewa. Kuma na rubuta kaya da sunan da ake nemansu: kaftani, babbar riga, ɗinkin amarya. Baba, Wuse faɗi gare ta, ka rubuta ƙofar da za a shigo da layin da kake.

Mai labule, Kasuwar Wuse:
Allah ya saka muku da alheri. Na duba rasit ɗin, imel ɗin ba nawa ba ne, kuma saura wata biyu wa'adin ya cika. Na kira mutumin da ya yi min shafin, mun yi da shi zai zo shago gobe bayan La'asar.