Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake

Bakatsinen Shikago: Salamu alaikum 'yan uwa. Karin maganar nan ce ke faɗo min a rai duk sanda na ga bayan motocin Amurkawa. Mutum zai manna sitika a bayan motarsa, ga sunan ɗan takararsa, ga ra'ayinsa kan bindiga ko zubar da ciki. Amma ku haɗu a wurin aiki, sai murmushi, ba zai yi maka musu ido da ido ba. Ko a bikin cin talotalo na Nuwamba, gidaje da yawa sharaɗinsu kar a taɓo siyasa. Wannan ba zagi a kasuwa ba ne?

Malam Mai Alli: Wa alaikumus salam. Ƙanena, karin maganar ba ta hau nan ba. Mai zagi a kasuwa yana da wanda yake nufi, wanda ake nufin ma ya sani, kuma zai iya tsayawa ya ce "da ni kake?" Mai sitika kuwa baƙi yake wa magana, ya taka mota ya wuce kafin kowa ya ba shi amsa.

Direban Tirela: Malam, ai mu ma muna yi. "Hassada ga mai rabo taki" da ke jikin Adaidaita Sahu a Kano, wallahi mai ita ya san maƙwabcin da ya rubuta wa.

Malam Mai Alli: To ka gani, naku habaici ne, yana da mai shi.

Hajiya Uwar Gida: Ni ban kira shi tsoro ba. Tun zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 1952 da Eisenhower ya ci suke manna sunayen 'yan takara a mota, abin ya zama al'ada. Wanda ya bayyana ra'ayinsa, ga lambar motarsa kowa na gani, ya ɓoye kansa ne? Rashin musu da abokin aiki kuma, a wajenmu ai kawaici ake ce masa.

Bakatsinen Shikago: Hajiya, mai kawaici haɗiye maganar yake yi. Wannan ya faɗa, amsar ce ba ya son ji. Binciken Jami'ar Jihar Kolorado na 2008 ma ya nuna masu yawan sitika sun fi saurin fushi a kan titi.

Hajiya Uwar Gida: In haka ne ɗana, kai ka fara. Gobe ka tambayi abokin aikinka me sitikarsa ke nufi, ka dawo mana da labari.