Daga wace rana ake fara ƙirga wa ma'aikaci shekarunsa?

Ranar Asabar bayan la'asar muka zauna a Gombe da wasu ma'aikatan ƙasa na filin jirgin saman Lawanti, masu lodin kaya da masu duba tikiti, kan yadda ya kamata ƙungiya ta riƙa lissafin wanda ya riga wani a aiki.

Kusan kowa ya tsaya a kan ranar da mutum ya fara sa rigar aiki, ko da na wucin gadi aka ɗauke shi. Nan aka fi daɗewa. Akwai dattijo a cikinmu da ya yi shekaru yana ciccibar jakunkunan alhazai cikin zafin rana kafin a tabbatar da shi, sai aka soma masa lissafi daga ranar takardar, yaran da ya koya wa aiki suka sha gabansa. Ni kam ina tare da shi, domin sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya ce idan za a rage ma'aikata, na ƙarshen shigowa ne zai fara fita, tare da duba ƙwarewa da riƙon amana. Ka ga ranar nan abincin iyali ce.

Wanda aka sauya wa tasha, a ce daga Bauchi zuwa Gombe, ya taho da shekarunsa. Amma wajen zaɓen lokacin aiki da hutun sallah, wasu sun ce ya bi bayan waɗanda ya tarar. Ba a daidaita a kan wannan ba.

Waɗanda aka ɗauka rana ɗaya, a yi musu ƙuri'a a gaban wakilin NUATE, ƙungiyar ma'aikatan sufurin jiragen sama ta ƙasa. A kuma riƙa liƙa jerin sunayen duk shekara, mai ƙorafi ya kawo takardar ɗaukarsa.