Rigar masu shiga ƙarƙashin ruwa: wane suna za mu ba ta kafin Laraba?

Mai fassara: Assalamu alaikum jama'a. Ina cikin matsi, ku taimake ni. An ba ni takarda mai shafi shida da Faransanci in mayar da ita Hausa, ranar Laraba da safe za a buga, da dare kuma a karanta wani sashe a rediyo. Ta horon samarin masunta ce na wajen Madarunfa, nan kusa da Maradi a Nijar, waɗanda ake so su riƙa kai ɗauki in ruwa ya ci mutum a tafki ko a gulbi da damina. An samo musu riguna na gwanjo daga bakin teku, irin na masu farautar kifi da mashi a ƙarƙashin ruwa, waɗanda ba sa goya tulun iska, numfashinsu kawai suke riƙewa. Takardar tana koya yadda ake zaɓen wadda ta yi wa mutum daidai, da yadda ake gyara ta in ta yage. Faransawa na ce mata combinaison humide, masu Ingilishi kuma wetsuit. Ga guda nan gabana kan tabarma: baƙa ce, kashi biyu, wando mai hawa har ƙirji da taguwa mai haɗe da hula, ba zif ko ɗaya, cikinta kuma yana kama yatsa in ka taɓa. Na rubuta "rigar ruwa", na goge. Mi zan kira ta?

Tela na babbar kasuwa: Wa'alaikumus salam Malama. Gara da kika goge. Rigar ruwa tana da mai ita, ita ce ta leda da ƴan kabu-kabu ke sawa in hadari ya taso. Ki ce rigar nutso kawai.

Ɗan jarida: Rigar nutso ta yi. Gajera ce, tana da daɗin faɗi a rediyo.

Ɗalibin jami'a: Kafin a yanke, Yaya, a duba abin da sunan Turawan ke faɗi. Sun ce mata jiƙaƙƙiya ne don ruwa yana shiga cikinta, ba ta hana shi. Robar da aka yi ta da ita, niyofirin, cike take da ƙananan kumfan iska kamar soson katifa, sai dai ramukan a rufe suke. Waɗannan kumfan ne ke tare ɗumin jiki, domin ruwa yana janye zafin jiki fiye da iska kusan sau 25. Ɗan ruwan da ya shiga, jiki ya ɗumama shi, ana so ya tsaya nan, kada sabo mai sanyi ya riƙa kore shi. Kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro robar a 1930, wani masanin kimiyya Hugh Bradner na jami'ar Kalifoniya kuma ya yi rigar da ita wajen 1952. Akwai wata daban da ba ta barin ruwa ko ɗigo, ita Faransawa ke ce wa étanche. Sunan da za mu zaɓa ya kamata ya bar wa waccan wuri.

Tsohon malamin lakkol: Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka da kika tambaya ba ki zuba mana "kwambinezo" ba kamar yadda ake yi mana kullum. Amma rigar kaza, rigar kaza, har yaushe? Rigar sanyi, rigar barci, rigar ruwa, rigar nono. Harshen da ke da sulke da lifidi da kwalkwali bai rasa suna ba. Ni na ce SULKEN RUWA. Mahayan Ɗan Baskore, sarkin Maradi na da, da sulke suke fita daga garin nan in za su fuskanci abin da zai iya kashe su. Yaron da zai faɗa gulbi ya ciro mutum, shi ma yaƙi ya fita. A ba kayansa suna mai martaba.

Ɗan jarida: Baba, sulken ruwa yana da armashi, ban musa ba.

Wanda ya yi aikin ruwa a Kwatano: Baba Malam, a gafarce ni, ba raini ba ne. Na sa wannan riga shekaru, kuma sunan sulke yana ba ni tsoro. Ba abin da take karewa sai sanyi da ɗan kurjewa. Akaifar hannunka ma tana yaga ta. Irin wadda Malama ta kwatanta, mai kama yatsa daga ciki, ba a yi mata shafi ba, robar ce tsirara, shi ya sa take manne wa fata ta fi ɗumi, shi ya sa kuma ta fi saurin yagewa. Ba a sa ta a bushe. Sai ka kaɗa ruwan sabulu a gora, ka zuba ciki ka jujjuya, ka shafa a jiki, sannan ka zura a hankali kana turawa da tafin hannu, ba ja da yatsu ba. Yaron da aka ce wa ga sulke, fizga zai yi.

Kuma Malama, ki duba ƙirjin taguwar, za ki ga wani faci mai kauri. Ba gyara ba ne, haka aka yi ta. Nan maharbi ke dafa gindin bindigar mashinsa in zai ja roba ya ɗana.

Mai fassara: Wallahi ga shi nan, na ɗauka wani ne ya like. Na gode Yaya. To kauri fa? Takardar ta ce milimita 3, 5, 7, ba ta yi bayani ba.

Wanda ya yi aikin ruwa a Kwatano: An rubuta ta ne don mutanen ƙasashen sanyi. Milimita 7 ta ruwan hunturun Turai ce, 5 ta matsakaici, 3 ko ƙasa da haka ta ruwa mai ɗumi. A nan 3 ta isa, ko da asubar watan Janairu da iskar hunturu ke kaɗawa. Ki ƙara musu layi ɗaya da ba ya cikin takardar: kada kowa ya sa ta ya zauna jira a bakin tafki da rana a watan Afrilu, zafi zai kayar da shi kafin ya taɓa ruwa. Sannan gwargwadon kaurinta, gwargwadon yadda take ɗaga mutum sama, sai an ɗaura ɗamarar dalma kafin a iya sauka. A zurfin mita 10 nauyin da ke danne mutum ya ninka na sama sau biyu, kumfan su matse, rigar ta yi siriri, ta daina ɗaga ka kamar da. Wanda ya cika dalma, saukar za ta yi masa daɗi, hawan ne wahala. Ɗamarar kuma dole ta zama mai kwancewa da hannu ɗaya.

Tsohon malamin lakkol: Duk wannan bayani ne mai kyau, amma bai taɓa maganata ba. Sulke ma ana huda shi. Suna ba bayani ba ne. Jirgin sama jirgi ne na kwale-kwale? Amma mun ce jirgi, ya zauna. A watan Maris na 2025 aka rubuta a kundin ƙasar nan ta Nijar cewa Hausa ce harshen ƙasa. In ba mu fara ƙera kalmomi masu nauyi yanzu ba, sai yaushe? Kullum mu ne masu kwatance, wasu ne masu suna.

Wani daga Katsina: Ranka ya daɗe, mu nan wajenmu da "rigar ninƙaya" za a ce a wuce wurin. Kuma irin wannan aiki ai akwai masu shi, cibiyar nazarin harsuna ta Jami'ar Bayero ta daɗe tana tsara kalmomi. Kowa ya ƙera tasa a gari-gari, gobe ɗan Kano ya ɗauki takardarku bai gane ba.

Ɗan jarida: To fa. Sai mun aika Kano an sa mana hannu kafin mu yi magana da masuntan Madarunfa?

Wani daga Katsina: Ban ce haka ba. Na ce a yi abin da kowa zai gane.

Tsohon malamin lakkol: Ɗana, tsakanin Maradi da Katsina ba a koya wa wani Hausa, gida ɗaya ne aka raba. Amma ninƙaya a saman ruwa ake yin ta. Rigar ninƙaya ita ce ɗan kamfan da ake sawa a kwamin wanka na otal. Ka ga inda "abin da kowa zai gane" ya kai mu.

Ɗalibin jami'a: In dai kayan yaƙi za a ɗauko, ai lifidi ya fi kusa, Baba. Shi ne mai kauri da laushi, cushe da auduga. Sulke zoben ƙarfe ne, nutsar da mutum zai yi.

Tsohon malamin lakkol: Lifidin ruwa bai da daɗi a baki.

Mai fassara: Don Allah iyayena da yayyena, yau Litinin. Ban ƙi a yi wannan muhawara ba, ina son ta ma, amma shafi na huɗu na gyara ne kuma ko fara shi ban yi ba.

Tela na babbar kasuwa: Wannan kam zan iya sa baki, don na taɓa ɓata guda. Wani ya kawo mini ita ta tsage a hammata, na ɗora a keke na bi da ɗinki kamar yadi. Da ya sa ta, sai ta ɓalle tiryan-tiryan bisa layin allurar, kamar takardar rasit. Na ji kunya ƙwarai, na biya shi. Daga baya na kwance wata na duba yadda masu ita suke yi: da gam suke haɗa baki da baki, sannan su bi da ɗinkin da allura ke shiga rabin kaurin ta fito ta gefen da ta shiga, ba ta ratsawa. Ki rubuta musu da manyan baƙaƙe kada su kai wa tela mai keke.

Wanda ya yi aikin ruwa a Kwatano: Gaskiyar Alhaji. Gyaran ƙaramar yaga kuwa ya fi kama da aikin mai faci. A wanke da ruwa mai kyau, a bari ta bushe sarai. A buɗe bakin yagar, a shafa gam ɗin niyofirin siriri a gefe biyun da tsinke, a bari ya sha iska har ya daina bin yatsa, a ƙara shafi na biyu, a sake jira, sannan a haɗa baki da baki a matse. A bar ta ta kwana kafin ta ga ruwa. Kada a sa gam mai ƙanƙarewa irin na ƙaramin bututu da ake like faranti da shi, yana bushewa kamar gilashi, wurin ya sake karyewa. Mara shafi ba a ɗinke ta sam, zare ba ya samun abin kamawa. In an gama aiki a ɗauraye, a shanya a inuwa, kada a rataya a ƙusa ko a bar ta a ninke. Ranar Maradi ita ce babbar abokiyar gabarta.

Ɗan masunta: Salamu alaikum, ƙanena ne ya nuna mini wannan magana, ni ina cikin waɗanda za a horar. Ina da abu ɗaya. Mu a bakin tafki in aka ce nutso, kunne yana jin nutsewa, kuma nutsewa ita ce abin da ke kawo mu da gudu. Uwa ta ji a rediyo an ba ɗanta rigar nutso, ba za ta yi barci ba. Wanda ya ja numfashi ya shige ƙasan ruwa da niyyarsa, ya ɓullo can gaba, kurme muke cewa ya yi. Tun muna yara gasar kurme muke yi a gulbi.

Ɗan jarida: Rigar kurme. Ban ƙi ba, amma mai karantawa ya kula da bakinsa, kada a ji rigar kurma.

Ɗalibin jami'a: Kurme ya ma fi daidai, don ya ware masu riƙe numfashi daga masu tulun iska, kuma wannan ɗinkin nasu ne.

Wani daga Katsina: Muna cewa kurme mu ma. Ba ni da ja.

Tsohon malamin lakkol: Kurme Hausa ce tsantsa, ba zan ce ba haka ba, kuma yaron nan ya fi mu sanin ruwa. Amma har yanzu "riga" ce. Kun ɗauki mai sauƙi kun bar mai kyau. Ɗiyata, aikinki ne, ki sa abin da kika ga dama. Abu ɗaya nake roƙo: kada in ji "niyofirin" tsirara a rediyo ba bayani.

Mai fassara: Baba, na karɓa, kuma ban jefar da sulkenka ba, na rubuta shi a littafina. Ga yadda na sa layin farko: "Rigar kurme riga ce ta roba mai kumfa da ke manne wa jiki. Ruwa yana shiga cikinta kaɗan, ba ta hana jiƙewa, ba ta hana nutsewa, sanyi kawai take karewa." Robar na ce mata "roba mai kumfa", na ambaci niyofirin sau ɗaya a wurin gam, don in sun je saye su san abin da za su duba a jikin gwangwani. Wajen zaɓe na rubuta: ta kama jiki ko'ina ba aljihun iska a hammata ko a gadon baya, amma mutum ya iya cika ƙirjinsa da numfashi ya ɗaga hannu sama ba ta shaƙe shi ba. Waccan da ba ta barin ruwa sau biyu kawai ta fito, na sa "rigar kurme mara shigar ruwa", ban gamsu ba, amma ba lokaci.

Ɗalibin jami'a: Ba ta yi ba kam, Yaya, masu tulun iska ne suka fi sa waccan, ba masu kurme ba.

Mai fassara: Na sani. Wanda ke da mafi kyau ya turo kafin gobe da la'asar.

Tsohon malamin lakkol: Waccan ɗin ce sulken ruwa, tunda ita tana hana shi shiga. Ku bar mini ita.

Ɗan masunta: Malama, ki tambaya mana ko gam ɗin yana cikin kayan da aka kawo. Biyu daga cikin rigunan da muka gwada jiya sun riga sun tsage a wuya.